Garwa, da takardar jini a aljihu

Inna ce ta ce in je da ƙafata. Da son samu ne, ta waya zan gama maganar, amma ta ce irin wannan ba a aika ta a iska, kuma tunda ni na tono ta, ni zan kai ta. Maganar auren ƙanena ce da 'yar Kawu, ƙanin Inna uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya fi shekara talatin a Garwa ta ƙasar Kamaru yana sayar da atamfa da shadda. Manya sun daidaita, yaran suna son juna, har an fara lissafin akwatunan lefe. Ni kaɗai na kafe sai an gwada jini saboda cutar sikila. Sana'ata ke nan, shekara goma sha ɗaya ina ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Kano, kuma da hannuna na ɗebi jinin ƙanen nawa. AS ya fito. Na ninke takardar gida huɗu, na sa ta a leda saboda ruwa, na cusa a aljihun ƙirji, na kama hanya a tsakiyar Satumba.

Daga Kano zuwa Mubi babu abin faɗa sai ciwon baya. A Mubi na yi canji. Ɗan canjin ya karɓi damin nairata ya miƙo mini 'yan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba, don sefa dubu ɗaya ta haura naira dubu biyu. A Sahuda, bakin iyaka, bayan fasfo sai da aka nemi katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan. Na tsallaka Bukula na hau bayan babur, wanda daga nan har Garwa moto ake ce masa, muka nausa cikin duwatsun Mandara.

Ƙasar ta sha ruwa ta ƙoshi. Dawa ta yi kai a kan gangaren da manoma suka yi wa matakala da duwatsu, tun daga gindin tsauni har kusa da ƙololuwa. Kowane rafi a nan sunansa mayo kaza, kuma kowane mayo ya kawo. A ɗaya daga ciki ruwan ya kai mana kwankwaso. Samari huɗu suka zura sanda ta ƙafafun moton suka saɓa shi a kafaɗa kamar makara, ni kuma na bi bayansu, takalmi a hannun hagu, hannun dama dafe da aljihu. Ɗan moton ya ɗauka kuɗi nake karewa, ya yi mini magana da Fulatanci yana dariya. Ban gyara masa ba. A gaɓar can, inda shanu suka tattaka, kowane sawun kofato ya zama ɗan tafki. Wani zai ce ruwa ne kawai. Ni da na tsuguna ɗaura takalmi na ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a ciki.

A Gidar na samu ƙaramar bas. Muka ratsa gonakin auduga, muka wuce Pitowa, wani dutse mai shafaffen kai ya tsaya a gefe kamar an yanke shi da wuƙa, muka shiga Garwa ana kiran magariba.

Hausar gidan Kawu Hausa ce tsaf, sai dai ta yi aure cikin Fulatanci da Faransanci ta haihu. Asibiti lopital ne, makaranta lekol, zazzaɓin cizon sauro kuwa palu. Tsofaffin unguwa na kiransa da sunansa na Fulatanci, paɓɓooje. Aka kawo tuwo da miyar yakuwa da giwan ruwa na Binuwai. Taubashiyata, amaryar da ake magana, ta ajiye kwano ta ce ashe Kanawa sun fara aiko da jakada kafin lefe, ko tsoron kuɗin mota ne ya sa aka turo mutum ɗaya. Na rama. Kawu ya tambayi Inna, ya tambayi farashin shadda a Kantin Kwari, ya tambayi ruwan bana. Abin da ya kawo ni kaɗai bai tambaya ba, alhali ya sani. Ni ma na yi ta cin kifi.

Daren na biyu, wajen ƙarfe ɗaya, kururuwar mace ta tashe ni. Jikar Kawu ce, 'yar shekara huɗu, wadda da rana na gan ta kwance a tabarma aka ce jikinta ne da ɗan ɗumi. Ta sandare, idanu sun juye, haƙora sun datse, hannu da ƙafa na fizga. Wata tsohuwa maƙwabciya ta riga ta shigo da kasko da garwashi, tana cewa a turara mata, iska ce ta taɓa ta. Ban yi musu da ita ba, lokacin musu ya wuce. Na kwantar da yarinyar a gefenta, na cire cokalin da ake ƙoƙarin cusa mata a baki, na ce Kawu a tada moto. Uwarta ta rungume ta a tsakiya, yayanta na tuƙi, mu kuma muka biyo su a wani.

A lopital aka huda mata yatsa. Ɗan gwajin nan na roba bai ɓata lokaci ba, layi biyu suka fito baro-baro. Ma'aikaciyar jinyar ta sake ɗiga jini a na'urar suga, ta kalli lambar, ta juya da sauri ta zuƙo ruwan gulukos ta tura ta jijiya. Wannan ya burge ni, don nan ne ake yawan yin sake. Ƙwayar maleriya mayunwaciya ce, sugan jini take zuƙa, yaron kuma ya kwana biyu bai ci ba, sai suga ya faɗi ƙasa ya ƙara wa suma suma. Sai allurar atesunet. Wanda ya yi aiki a zamanin kwinin ya san bambancin. A 2010 aka fitar da sakamakon gwajin da aka yi kan yara sama da 5,400 a ƙasashen Afirka tara, inda atesunet ya rage mace-mace da kashi 22.5 cikin 100 a kan kwinin, kuma tun daga nan ya zama na farko.

Da asuba na leƙa ɗakin gwajinsu. Wani saurayi ne a kan aiki, ba ya jin Hausa sosai, ni kuma Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Na nuna masa katin aikina, ya yi murmushi ya ja mini kujera. Abin da muke kira MP, wato neman ƙwayar maleriya a jini da madubi, su gut epes suke ce masa, amma rinin ɗaya ne, warin ɗakin ma ɗaya ne. Na kafa ido a madubi. Ga su nan birjik, ƙananan zobba masu dutse ɗaya, shuɗi da ɗigon ja. Ya ɗaga yatsu uku, alamar ƙwayoyin sun yi yawa, na gyaɗa kai.

Abin da ke tayar mini da hankali duk lokacin da na ga irin wannan shi ne, waɗanda ake gani ƙananan ne. Manyan ba sa yawo. Ƙwayar, bayan ta yi kusan mako a hanta, jan ƙwayar jini take shiga ta mayar da ita ɗaki. Tana girma tana kafa wasu turaku a bayan ɗakin, wani furotin mai danƙo, da shi take manne wa bangon jijiya ta ciki. Saifa take gudu. Saifa ita ce shingen duwan na jiki, duk ƙwayar jinin da ta yi tauri ko ta sauya kama ba ta wuce ta, kuma mai fasa-ƙwauri ba ya bin ta shinge, lungu yake samu ya laɓe. Tana da rigunan wannan furotin kusan 60. Garkuwar jiki na gane ɗaya sai ta sauya wata, shi ya sa yaro ke shan zazzaɓi shekara da shekaru kafin jikinsa ya san su, babba kuma ya yi kwana biyu ya miƙe.

Idan lungun da ta zaɓa ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ne, to ga abin da muka gani a tabarma. A 2013 masu bincike suka gano cewa rigunan da suka fi haɗari suna kama wani maƙali ne a bangon jijiya, wanda aikinsa hana jini daskarewa da kwantar da kumburi. In aka toshe shi, bangon ya fusata, ya fara yoyo. Shekara biyu bayan haka, a Bilantaya ta ƙasar Malawi, tawagar likita Terrie Taylor ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 168 masu irin wannan suma. Cikin waɗanda suka rasu, kashi 84 cikin 100 ƙwaƙwalwarsu ta kumbura ƙwarai, cikin waɗanda suka tashi kashi 27 ne kawai. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Ƙwaƙwalwa in ta kumbura ƙasa take dannawa, kan wurin da ke riƙe da numfashi. Shi ya sa na koma bakin gadon na zauna ina ƙirga numfashin yarinyar, ba zafin goshinta ba.

Uwarta ta ce mini masu raba maganin damina sun zo, waɗanda ke bin gida-gida kowane wata daga Yuli zuwa Oktoba a wannan yanki. Na ranar farko a gabansu aka ba ta. Na sauran kwana biyun yana nan a saman firji, yarinyar ta ce da ɗaci, aka ƙyale ta. Ban ce komai ba, fuskarta ta riga ta faɗa wa kanta. Rigakafin ma bai same ta ba. Kamaru ce ƙasar farko a duniya da ta shigar da allurar maleriya cikin rigakafin yara na yau da kullum, ranar 22 ga Janairu 2024, a garin Soa kusa da Yawunde. Sau huɗu ake yi, a wata 6, wata 7, wata 9 da wata 24. Chadi ta bi a Oktoba na shekarar, Najeriya a Disamba, ta fara da Kebbi da Bayelsa. Ita wannan ta riga ta wuce shekarun. Allurar ba katanga ba ce, shinge ne na kara, tana tare ƙwayar kafin ta kai hanta, wasu kuma su sulale. Amma a Gana da Kenya da Malawi, inda aka fara gwada ta tun 2019, mutuwar yaran da suka isa karɓa ta ragu da kashi 13 cikin 100. Mai raina wannan bai taɓa kwana a ɗakin yara a watan Satumba ba.

A barandar lopital muka yini da Kawu, kan benci, da fulas ɗin shayi a tsakaninmu. Wata Bafulatana ta wuce da ƙwaryar nono a ka, siririya kamar karan dawa. Kawu ya bi ta da ido ya ce, "Ka ga waɗannan? A daji suke kwana, cikin sauro, ba gidan sauro ba komai, amma palu ba ya kayar da su kamar mu. Nono ne."

Na ce masa rabin maganarsa Turawa ma sun rubuta ta. A 1996 David Modiano na Italiya da abokan aikinsa suka bi ƙauyuka a Burkina Faso inda Fulani ke zaune kafaɗa da kafaɗa da Mosi da Rimaiɓe. Sauro ɗaya ke cizon kowa, amma Fulani sun fi ƙarancin ƙwayar a jini, sun fi ƙarancin kwanciya, jininsu kuma ya fi cika da makaman garkuwa. A Mali aka gwada su da Dogon, haka aka samu. A 2008 aka gano cewa wasu fararen ƙwayoyin jini da ke yi wa garkuwar jiki birki, don kada ta wuce gona da iri, a jikin Fulani ba su da ƙarfi. Sai kuma 2021, da tawagar Youssef Idaghdour ta auna ɗaruruwan sinadarai a jinin yara a Burkina kafin zazzaɓi da lokacinsa. A yaran wata ƙabila mai suna Guwin, ƙwayar na shiga sai wasu sinadarai masu sanyaya garkuwa su hau. A yaran Fulani ba haka abin yake tafiya ba.

"To nonon fa?" in ji Kawu.

Na ce Fulani da yawa na ɗauke da gadon da ke sa babba ya narkar da madara ba tare da cikinsa ya murɗa ba, kuma irin na Turawan Turai ne sak, abin da ya ba masana mamaki. Ko shi ke korar palu, har yau masu binciken ba su yanke hukunci ba. Amma motar da birkinta ya yi sanyi tana da nata sharrin. Waɗannan binciken dai sun nuna yaran Fulani sun fi kumburin saifa, a Mali kuma an same su da ƙarancin jini fiye da maƙwabtansu. Jiki ba ya ba da kyauta, Kawu, ciniki yake yi.

Ya kurɓi shayi. Ya san inda na nufa, ɗan kasuwa ne. Ya ce, "Fito da ita mu gani."

Na zaro ledar. Ya buɗe takardar ya kalle ta a nesa, don bai zo da tabarau ba. Haruffa biyu ne, ba sa bukatar tabarau.

Na ce masa wannan S ɗin namu cinikin ke nan da kakanni suka yi da palu. A cikin jan ƙwayar jini akwai sinadarin da ke dakon iska, himogulobin. Ɗaya daga sarƙoƙinsa ƙulli 146 ne, kuma ƙulli na shida kaɗai aka sauya. Wanda ya gaji sauyin ta gefe ɗaya, wato AS, lafiyarsa ƙalau, kuma haɗarin maleriya mai tsanani yana raguwa masa da kusan kashi 90 cikin 100. Anthony Allison ne ya nuna wannan kariya a Gabashin Afirka a 1954, daga baya aka ga ɗaya daga dalilan: a cikin ƙwayar jinin mai AS, turakun nan masu danƙo ba sa kafuwa da kyau, ɓarawon bai iya laɓewa, saifa ta kama shi. Wani bincike na Charles Rotimi, ɗan Najeriya da ke Amurka, ya ƙiyasta a 2018 cewa sau ɗaya sauyin ya faru, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, lokacin da Sahara ke kore shar da tafkuna. Wasu masanan sun ce ya girmi haka nesa. Ko ma yaushe ne, ya yi riba, har ya kai yau kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da shi. Kuɗin cinikin kuwa, wanda ya gaji S ta gefe biyu, wato SS, mai sikila, shi ne ke biya.

Kawu ya ce ya ji ana cewa ɗa ɗaya cikin huɗu ne ke fitowa SS. Na ce haka ne, in uwa da uba duk AS ne. Ya ajiye kofi ya ce, "To ɗana, uku riba, ɗaya faɗuwa. Wane ɗan kasuwa ne zai ƙi wannan?"

Na ce, "Kawu, ba dila ɗaya ba ce mai turmi huɗu da aka ce ɗaya ya sha ruwa. Kowane ciki dilarsa daban, a rufe take zuwa. Wani gidan su haifi shida ba ko ɗaya. Wani gidan uku a jere." Na yi shiru kaɗan, sannan na faɗi abin da Inna ta hana ni faɗa sai in ya zama dole. Na ce, "Ku kuka ɗauki Yaya zuwa maƙabarta."

Yayata shekara goma sha biyar ta yi a duniya. Inna ta ce tun kafin ta yi rarrafe bayan hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura kamar an hura. Ni abin da na fi tunawa hunturu ne. Da iska ta juya, sai a fara. Inna ta kwana tana gasa tawul a murfin tukunya tana naɗe mata gwiwa, ita kuma ta ciji matashi don kada ta tashe mu, muna kwance ido biyu muna jin ta. Farin idonta kullum ruwan ɗorawa. Mutane suka ce amosani ne, aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi tsaga. Uwa ɗaya uba ɗaya: ni AA, ƙanena AS, ita SS.

Kawu bai ce uffan ba. Can ya tambaya, a hankali, wai har yanzu ba a samo magani ba, duk wannan boko?

A makaranta an koya mana abin kamar toshewar kwata: iska ta yi ƙaranci, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale a siririyar jijiya. Gaskiya ne, amma guntuwa ce. Tun 1980 Robert Hebbel ya nuna ƙwayoyin jinin mai sikila manne wa bangon jijiya suke yi. A 2002 aka leƙa jijiyoyin ɓeraye masu sikila suna raye, aka ga fararen ƙwayoyin jini ne ke fara mannewa, su kuma su cafko jajayen. Ga kuma fashewa: jan ƙwayar mai lafiya kwana 120 take yi, ta mai sikila 10 zuwa 20, kuma abin da ke zubowa daga cikinta yana cinye sinadarin da ke sa jijiya ta saki jiki ta buɗe. Wato bangon da ke wahalar da jikar Kawu a ɗakin can, shi ne bangon da ya wahalar da Yaya. Cuta biyu, fagen fama ɗaya.

Da aka gane haka sai aka ƙera allurar da ke toshe ɗaya daga ƙugiyoyin bangon, wanda ake kira selektin. Amurka ta amince da ita a 2019, muka yi murna. Gwaji na gaba bai nuna ta fi ruwan banza ba, Turai ta janye izininta a 2023. Wata ƙwayar da ke hana himogulobin curewa ita ma aka kwashe ta daga kasuwa a Satumba 2024. Abin da ya rage a hannun talaka tsohon magani ne mai araha, haidroksiyuriya. Hikimarsa daga jarirai aka ɗauko ta. Jariri mai SS ba ya ciwo a watannin farko, don jinin da ya fito da shi daga ciki wani iri ne da ba ya lanƙwasa, sai daga baya jiki ya kashe shi ya kunna na manya. Maganin na ɗan farfaɗo da na jarirantakar. An gwada shi kan yara sama da 600 a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda, sakamakon ya fito a 2019: ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mutuwa ta ragu, har maleriya ta ragu da kusan rabi. A Kano ma, a asibitin Malam Aminu Kano, likitocinmu da na jami'ar Vanderbilt sun nuna yana kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Da Yaya ta same shi, wataƙila da yanzu ita ke wannan tafiyar ba ni ba.

Warkewa ɗungurungum ma akwai. Makunnin da ke kashe jinin jarirantaka sunansa BCL11A. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy: a ɗebo ƙwayoyin ɓargon mutum, a datse makunnin da almakashin ƙwayoyin gado, a mayar masa. Kawu ya gyara zama ya ce nawa. Na ce dala miliyan 2.2, ya haura sefa biliyan ɗaya. Na ga leɓensa na motsi, yana mayar da shi turamen atamfa. Ya kai wani wuri ya bari. Don in ɗan sanyaya masa na ce ai ɗan ƙasarku ma na cikin manyan masu wannan bincike, Farfesa Ambroise Wonkam, wanda ya yi shekaru yana nazarin jinin masu sikila na Kamaru. A 2025 tawagarsa ta ba da rahoton wata ƙwayar gado, FLT1, da ke da hannu a yawan jinin jarirantaka a jikin 'yan Afirka, kuma an daɗe da sanin ta a harkar tsirowar jijiyoyin jini. Kawu ya ce Allah ya taimake shi, amma shi 'yarsa bana ake nema.

Yarinyar ta buɗe ido a yammacin rana ta biyu. Ta kalli silin, ta kalli uwarta, ta ce makala take so, wato fanke. Uwar ta fashe da kuka, yayanta ya fita a guje neman mai suya.

Washegari taubashiyata ta same ni ina wanke takalmi. Babu tsokana a bakinta. Ta ce Baba ya ce in raka ta, amma ko bai ce ba ita da ma za ta je. Muka hau moto biyu zuwa wani ɗakin gwaji a cikin gari. Ta miƙa hannu ba ta kau da kai ba, ta kalli jinin yana hawa sirinji. Aka ce a dawo jibi. A hanyar komawa ta ce mu biya ta gadar Binuwai. Kogin ya cika ya tumbatsa, ja wur da laka, ya shanye yashin da masu wanki ke shanya a kai da rani. Shi ne dai ruwan da zai wuce Yola ya sadu da Kwara a Lakwaja. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko shi ya san nasa. Na ce ya sani. Ta ce to me ya ce. Na ce ya ce in zo in ji nata.

Jibi ta karɓo da kanta. A zaure ta same mu ni da Kawu, ta durƙusa ta ajiye ambulan a gabansa ta shige ciki. Ya miƙo mini. Takardar da Faransanci take, amma haruffan ba su da yare. AS.

Ya karɓa ya haɗa da ta ƙanena, ya daidaita gefunansu kamar mai jera rasit. Ya jawo littafin da yake rubuta bashin shago, ya buɗe tsakiya, ya sa su, ya rufe, ya ɗaure da robar. Daga cikin gida ana jin jikarsa na rigima a kan wani abu, muryar ba ƙarfi amma rigima ce sosai. Ya ce in gaya wa Inna kada kowa ya sayi komai tukuna, kada kuma kowa ya ce an fasa. In an cire auduga, kasuwa ta ɗan motsa, zai zo Kano da kansa, shi da 'yar'uwarsa su rufe ƙofa.

Da asuba ya raka ni tasha da turmin atamfa biyu na Inna da ƙullin busasshen kifi. Taubashiyata ba ta fito ba, ta aiko ƙanwarta da ledar makala mai zafi. Ruwan mayon nan ya janye zuwa gwiwa, wannan karon ɗan moton bai ko sauka ba, ni kaɗai na taka. Ina tsakiyar ruwa na lura hannuna na dama na dafe da aljihu, na sauke shi na riƙe kifin da hannu biyu.